Tambaya da Amsa: Wai Har Yanzu Hitila Yana da Mabiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ɗalibin jami'a ne. Kwanan nan na ga hoton Hitila a fuskar wayarsa, da na yi magana sai ya ce ai namijin duniya ne, shi ya yi maganin Yahudawa. Wai har yanzu mutumin nan yana da mabiya? Wata uwa daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yana da su, ana kiransu sababbin 'yan Nazi (Nazi ita ce jam'iyyar Hitila a Jamus), kuma da za su haɗu da ɗanki a lungu da dare, ba za su tsaya jin ra'ayinsa ba. Fatarsa kawai za su duba.

Hitila ya mutu a 1945, amma aƙidarsa ba ta bi shi kabari ba. A 1949 tsofaffin yaransa suka kafa jam'iyya a Jamus ta Yamma, kotu ta haramta ta a 1952. Can Amurka, George Lincoln Rockwell ya kafa tasa a 1959. Daga nan abin ya yi ta yaɗo, Ingila, Rasha, har Girka, inda jam'iyyar Golden Dawn ta shiga majalisa a 2012 kafin kotu ta yanke a 2020 cewa gungun masu laifi ce. Yau intanet ta ɗauke masu wahalar buga takardu.

Aƙidar ba ta da wuyar ganewa: farar fata ce saman kowa, Bayahude ne tushen kowace masifa, baƙar fata da baƙin haure kuwa datti ne da za a share. Musulmi ma suna cikin lissafin, kuma nan nake so ɗanki ya buɗe kunne. A 1993 sun cinna wa gidan wasu Turkawa wuta a garin Solingen na Jamus, mata da 'yan mata biyar suka rasu. Tsakanin 2000 da 2007 wata ƙungiyarsu mai suna NSU ta kashe mutum goma, takwas daga ciki 'yan asalin Turkiyya, yawancinsu suna bakin sana'arsu. Shekara da shekaru 'yan sanda na zargin iyalan mamatan, sai a 2011 gaskiya ta fito. Wannan ɓangaren ya fi ci mini rai duk sanda na karantar da shi. Wanda ya harbe mutum 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch a ƙasar New Zealand ranar Juma'a a 2019, shi ma daga wannan rijiyar ta fifita farar fata ya sha.

Shi kansa Hitila bai raga mana ba. A 1940 sojojinsa sun riƙa ware 'yan Afirka da ke cikin rundunar Faransa bayan sun miƙa wuya, suna bindige su.

Na san abin da ke zafafa zukatan samarinmu, Gaza ce, ni ma tana hana ni barci. Amma kisan Yahudawa miliyan shida, har da jarirai, ba abin da Musulmi zai yaba ba ne, addininmu ya hana taɓa yara da mata ko a fagen yaƙi.

Kada ki ƙwace wayar, Hajiya. Ki zaunar da shi bayan sallar isha'i, ki sa ya karanta miki labarin Solingen da bakinsa. Ki kuma lura ko yana rubuta lambar 88, domin a wurinsu gaisuwar Hitila ce a ɓoye, H shi ne harafi na takwas a haruffan Turanci, 88 kuwa HH ke nan, wato "Heil Hitler".