Amsa ga mai tambaya kan shafin maktaba da ɗalibai suka ƙaurace wa

Wa alaikumus salam. Malam, na karanta tambayarka. Ka ce an ɗora maka kula da shafin maktabar jami'arku a nan Saudiyya, ka buɗe Facebook wata huɗu ke nan, kullum kana saka hoton sababbin littattafai da lokutan buɗewa, amma ɗalibanmu Hausawa ko leƙawa ba sa yi, balle su tako maktabar. Kana tambaya ko ka koma TikTok ne.

Kada ka koma ko'ina tukuna. Matsalar tana cikin abin da kake sakawa. Hoton bangon littafi sanarwa ce, ɗalibi kuwa abin da ke damunsa shi ne mushrif, wato malamin da ke duba bincikensa, ya ce ya kawo huɗɗar bincike, wato tsarin abin da zai yi bincike a kai, ranar Lahadi, shi kuma bai san ko wani ya riga shi rubutu a kan maudu'in ba. Duk shafin da zai amsa masa wannan a daren Juma'a, shi zai riƙe. Saboda haka ka ɗauki shafin a matsayin teburin amsa tambaya da aka kai wa ɗalibi har cikin wayarsa.

Kafin komai ka nemi izini a rubuce daga Imada, wato ofishin jami'a mai kula da maktabobi, musamman idan za ka sa suna ko tambarin jami'a. A kuma ba ka layin waya na aiki, kada ka yi da lambarka. Ranar da ka kammala karatu ko aka canja maka wurin aiki, lambar za ta tafi da kai, ɗalibai su yi ta rubutu ba mai amsawa.

A kan wannan layin ka sa WhatsApp Business. Yana da saƙon maraba, da saƙon da ke fita da kansa idan an tashi aiki, da gajerun amsoshi da kake ajiyewa ka kira su da alamar /. Ka tanadi amsa goma na tambayoyin da ba sa ƙarewa: littafi nawa ake ara, kwana nawa, yadda ake sabunta aro, abin da ke faruwa idan littafi ya ɓace, da irinsu. Ana iya haɗa layin da wasu na'urori har 4, don haka mutum biyu ko uku za su iya raba kwanaki. Ka rubuta ƙarara cewa ana amsawa cikin awa 24 daga Lahadi zuwa Alhamis, kuma a cika alƙawarin. Ɗalibin da ya yi tambaya sau biyu ya ji shiru ba zai yi ta uku ba, kuma zai gaya wa abokan ɗakinsa.

Ban ba ka shawarar buɗaɗɗen guruf ba. Guruf ɗin WhatsApp yana tsayawa a mutum 1024, kowa yana ganin lambar kowa, wanda hakan ke sa 'yan uwa mata su ƙi shiga ko su fice, kuma cikin mako biyu zai cika da barka da Juma'a da tallar dabino. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa shi ma yana da tarko: mutum 256 yake ɗauka, kuma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba ya isa gare shi, kai kuwa kana zaton ya tafi. Abin da ya fi shi ne tashar Telegram don ajiye darussa, domin wanda ya shiga yau zai ga abin da aka saka bara, ya kuma nemo shi da kalma, ga shi tana ɗaukar fayil har gigabait 2. Ɗaliban ilimi a nan dama can a Telegram suke bin darussan malamai, ba sabon wuri za ka ja su ba. Sitatus na WhatsApp kuma, tunda awa 24 yake yi, ka bar shi ga abin yau, kamar a ce maktaba za ta rufe da wuri.

Yanzu abin da za a saka, kuma a nan aikin yake. Yawancin ɗalibanmu, musamman waɗanda suka fito daga ma'ahadin koyon Larabci suka shiga kwaleji, ba su san jami'a ta riga ta biya musu Maktabar Dijital ta Saudiyya, wadda ake kira SDL, ba. Suna ta roƙon PDF a guruf-guruf alhali da lambarsu ta ɗalibta za su shiga ta shafin jami'a su sauke na halal. Ka ɗauki bidiyon fuskar waya, kada ya wuce minti ɗaya, aiki ɗaya tak a ciki, da murya da Hausa, amma sunayen maɓallai a faɗe su da Larabci yadda suke a rubuce, don kada mutum ya je yana neman abin da babu. Bidiyo na farko: yadda ake shiga SDL daga ɗaki. Na biyu: yadda ake neman risalolin majistir da daktora, wato kundayen digiri na biyu da na uku, a rumbun bincike na Darul Manzuma. Na uku: yadda ake neman takardar ifada daga Maktabar Sarki Fahad ta Ƙasa da ke Riyad, wadda ke nuna ko an taɓa rajistar maudu'in. Idan ta WhatsApp za ka tura, tura shi a matsayin fayil. In ka tura shi yadda aka saba, manhajar tana matse shi, ƙananan rubutun Larabci su dushe, darasin ya tashi a banza.

Akwai wani darasi da ba a cika yi ba, ga shi kuwa yana kai mutum har gaban kantar littattafai. Maktabobi da yawa a nan suna jera littattafai da lambobi bisa tsarin Dewey da aka gyara wa ƙasashen Larabawa, ba irin wanda ya tara Musulunci duka a 297 ba. Ilmomin Alƙur'ani suna cikin 220, hadisi 230, aƙida 240, fiƙihu 250, harshen Larabci 410, adabinsa 810. Ka ɗauki littafi da aka buga a Saudiyya, ka buɗe bayan shafin suna, ka nuna musu inda aka rubuta lambar Dewey. Littafin aikin Hajji za su ga 252.5. Sai ka bi da kyamara daga ƙofa har kantar da wannan lamba take. Wanda ya ga hanyar sau ɗaya a waya ba ya jin nauyin shigowa, domin kunyar tambaya da Larabcin da bai gama nuna ba tana cikin abin da ke hana sabon ɗalibi zuwa. Haka nan a nuna musu cewa idan nema bai kawo komai ba, su gwada cire "al" ta farkon kalma, ko su rubuta alif ba hamza, kafin su yanke cewa littafin babu shi.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Saƙo uku a mako sun isa, kuma bayan sallar Isha'i ne ake karantawa a natse. Yammacin Alhamis mutane sun kama hanyar Harami ko Umra, abin da ka saka zai nitse. Da azumi ka matsa zuwa bayan Tarawihi. Ka bi kalandar karatu: makonni biyun farko na zango rajista da aro, tsakiya neman madogara da yadda ake rubuta su a hamishi, wato ƙasan shafi, dab da jarrabawa kuma lokutan buɗewa da wuraren zama.

Abu biyu na iya jawo a rufe shafin gaba ɗaya, don Allah ka kiyaye. Na ɗaya, kada ka sauke littafi ko maƙala daga rumbunan da jami'a ta biya ka watsa a tasha. Ya saɓa yarjejeniyar da aka yi da mawallafa, kuma idan suka ga ana sauke fayiloli da yawa a jere daga asusu ɗaya suna iya toshe hanyar, abin ya shafi waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ka ba da sunan maƙala da marubuci da lambar DOI, wato lambar da ake gane maƙala da ita a intanet, kowa ya shiga da kansa. Adireshin da ka kwafo bayan ka shiga da asusunka ma sau da yawa ba ya buɗe wa wani, sai a yi ta ce maka ya ƙi. Na biyu, ɗaukar hoton mutane ba da yardarsu ba laifi ne a dokar ƙasar nan. Ka yi ɗauka da safe kafin a cika, kantoci da alamu kawai. Idan akwai ɓangaren mata, a samu 'yar uwa daga can ta riƙa ɗaukar nasu tana amsa musu, domin lokutansu da ƙofofinsu daban suke.

Tara mabiya kuma ba daga intanet ake fara shi ba. Ka buga alamar QR ta tashar a takarda, a manna a ƙofar maktaba, da teburin aro, da allon masaukin ɗalibai idan an yarda. Ka je wurin shugabannin ɗaliban Najeriya da Nijar da Gana, ka roƙi minti biyar a taron tarbar sababbi, a buɗe tashar a wurin kowa ya shiga kana tsaye.

Wajen auna nasara, kada yawan masu danna alamar so ya ruɗe ka. Ka riƙe ɗan littafi: tambaya nawa ta shigo a mako, a kan me, nawa aka amsa cikin lokaci. Duk littafin da ka gabatar, ka tambayi mai teburin aro ko an are shi cikin kwana 14. Tambayar da ta maimaitu sau uku ita ce bidiyon mako mai zuwa. Wannan lissafin ne za ka kai wa Imada a ƙarshen zango idan kana neman a ƙara maka mataimaki. Facebook ɗin kuma kada ka goge shi. Ka maƙala adireshin tashar da lambar tambaya a samansa, ka riƙa leƙa akwatin saƙonsa sau ɗaya a mako.

Allah Ya taimaka, Ya sa albarka a aikin.