Kana iya ci da gyaran tsofaffin gine-gine, amma da sharaɗi

Ƙanena, ka ce ka samu bak (shaidar gama sakandare), kana son karatun zanen gini na gyaran tsofaffin gidaje da masallatai, gida kuma ana ce maka ba a ci da shi. Ana ci, amma gaskiya kwangilarsa ba kullum take zuwa ba, mafi yawa sai ta hannun gwamnati ko ƙungiyoyin waje, don haka ka koyi zanen gini gaba ɗaya tukuna, da shi za ka riƙa cefane. Akwai makarantar zanen gini ta EAMAU a Lome, konkur (jarrabawar gasa) ake yi a shiga, in ka gama kuma akwai cibiyar CRAterre a Grenoble ta Faransa, su ginin ƙasa suka sa gaba.

Amma don Allah tunda a Tahoua kake, kar ka jira diplom. Je ka Yama ka ga masallacin da magini Falke Barmu ya fara a 1962, ginin ƙasa zalla, har ya ci kyautar zanen gini ta Aga Khan a 1986. Ka wuce Dandaji, can masu zanen gini Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka maida tsohon masallaci laburare maimakon a rushe shi, suka gina sabo kusa da shi, to wannan shi ne ainihin aikin da kake tambaya.

Kuma ka zauna da tsofaffin magina, ka kwaɓa ƙasa da hannunka, ka ga yadda ake jera azara da ɗaura bakan gizo, wato bakan da ke riƙe rufin soro. Abin da ke ƙona min rai shi ne yaɓen siminti kan bangon ƙasa, ruwa ya shiga ya rasa mafita, bango na ruɓewa daga ciki mai gida na murna wai ya gyara. Tsohon garin Agadas ma da UNESCO ta sa cikin jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2013 duk damina sai ya nemi masu gyara.