Nozul ɗin Golf TDI: kar ka biye wa babbar lamba

To yarona, naga tambayarka akan Golf 4 ɗin nan 1.9 TDI da mai ita yake so ta ƙara ja, kace ko mu ɗaura mata nozul (bakin injekta mai fesa gas cikin injin) .260 kawai a wuce wajen. A'a wallahi, kar ka soma.

Ita wannan motar mai doki 90, in giyar hannu ce, da .184 take zuwa daga kamfani, huji biyar a bakin kowane nozul. Lambar nan faɗin hujin ce a milimita, kuma abin da yara da yawa basa ganewa shine man da zai wuce ba faɗin yake bi kai tsaye ba, girman bakin hujin gaba ɗaya yake bi. Daga .184 zuwa .205 ka ƙara kusan kashi 24 cikin ɗari, .216 wajen kashi 38, shi kuwa .260 kusan ninki biyu ne. To ina iskar da zata ƙona wannan gas ɗin? Tabo ɗin dai (turbo, mai tura iska cikin injin) shine ƙaramin nan na asali.

Gas in ya fi iska yawa baƙin hayaƙi zai zama, kuma babban huji baya feshi da laushi, ɗigo yake yi manya-manya, sai kaga mota tana kakkarwa a silo, tana turnuƙe mutane a danjar Kofar Nassarawa, zafin salansa yana hawa. Wannan zafin shi nake tsoro, dan fistin alminiyom ne, alminiyom kuwa wajen digiri 660 yake narkewa, mai da ruwa ne kawai suke ceton sa. Ka haɗa da zafin Kano na watan Afrilu da iya kilina (matatar iska) da ƙurar hunturu ta toshe, mutum ya hau titin Zariya ya danne totur har Kwanar Dangora, ai sai dai a jawo ta. Na taɓa sauke irin wannan injin, fistin ɗaya ya huje, har yau abin yana damuna dan mai motar da ita yake ci da iyali.

Tunda motar yawo ce cikin gari, sa mata .205, in mai ita ya matsa .216 amma sai an gyara lissafin ƙwaƙwalwar motar, kuma ka faɗa masa tun yanzu kulocin asali zai iya fara sulɓi.

In kaje Kofar Ruwa, kasuwar kayan mota, ka duba rubutun jikin nozul ɗin, DSLA150P, 150 ɗin nan kusurwar feshi ce, in ta saɓa man bazai faɗa cikin kwarmin fistin daidai ba. Jabu sun yi yawa, kar arha ta ruɗe ka. Guda huɗun ka kai su wajen mai gwajin injekta ya daidaita su, sabon washa na jan ƙarfe, sannan a duba taimin. Kafin ka kunce komai ka kira ni in zo mu ga tabo ɗin tukuna.