Filin golf a bakin Binuwai: Kawu ya amsa wasiƙunku

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni manomin albasa ne a gefen Garwa, ta hanyar Pitowa. Tun bayan babbar sallah magana take yawo a kasuwa cewa wasu masu kuɗi za su yi filin wasan golf a bakin kogin Binuwai, har an ce fadamarmu tana ciki. Wasu maƙwabtanmu sun fara neman mai sayen gonakinsu tun kafin a tashe su, kuma yayana ya ce mu ma mu sayar. Ya kake gani? Sannan wane irin wasa ne wannan da yake cin ƙasa haka?
— Ɗanka, mai noman rani

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaishe mini da yayanka, ka ce masa Kawu ya ce kada ya sayar da ko taku ɗaya saboda maganar kasuwa. Mai tsoro shi ke sayarwa da araha, kuma sau da yawa wanda ya fi kowa yaɗa irin wannan labari shi ne dillalin da zai zo gobe da kuɗi a aljihu yana cewa taimako ya kawo.

Wasan kansa ba shi da wuyar ganewa. Ƙaramar ƙwallo ce fara mai tauri, nauyinta bai kai giram 46 ba, ana bugunta da sanda daga nesa har ta faɗa rami mai faɗin milimita 108. Cikakken fili ramuka 18 ne, tsarin da aka gada daga tsohon filin St Andrews na Sikotilan tun 1764. Wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ya ci. Tsakanin wurin bugun farko da rami akan sami mita 150 zuwa sama da 500, shi ya sa cikakken fili yakan lashe hekta 50 ko 60, wani ma ya fi.

Wannan girman ne zai nuna maka gaskiyar labarin, domin abu mai hekta 50 ba ya ɓoyuwa. A Kamaru, tun dokar ƙasa ta 1974, duk gonar da ba ta da takardar mallaka, wato titre foncier, tana cikin ƙasar da gwamnati ke riƙe wa al'umma. Mai son a ba shi wani yanki daga ciki domin babban aiki sai kwamiti ya fito ya duba wurin ido da ido, sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, shi ne shugabansa, kuma mai garin wurin da dattawansa biyu suna ciki. Idan filin ya haura hekta 50, ministan ma ba shi da ikon bayarwa, sai da sa hannun shugaban ƙasa. Ga kuma dokar muhalli ta 1996 da ta wajabta wa manyan ayyuka binciken illar da za su yi wa wuri, tare da jin ta bakin mutanen da abin ya shafa. Saboda haka ka tashi da kanka ka je wurin jauronku, wato mai garinku, ka tambaye shi ko an taɓa kiransa zaman irin wannan kwamiti. Daga nan ka leƙa ofishin sufurefe da na safiyo. In ba a kira jauro ba, ba a kafa turakun awo ba, ba a tara ku ba, to har yanzu magana ce kawai. Amma ko da labarin ya mutu gobe, ku haɗa kai ku fara neman takardar gonakinku, kuma ku rubuta yawan mangwaro da gwaiba da rijiyoyin da ke ciki, domin ranar biyan diyya abin da aka ƙirga ake biya.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ya fi damuna, a matsayina na wanda ya tsufa a aikin ban-ruwa. Ciyawar golf irin ta talabijin ba ta san rani ba, dole ta sha kullum. Kai manomi ne, ka san yadda Maris da Afrilu suke a Garwa, zafi ya haura digiri 40, ka shayar da safe kafin la'asar ƙasa ta tsage. Milimita ɗaya ta ruwa a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. A lissafina, ciyawa a irin wannan zafi za ta nemi kamar milimita 7 a rana. Ka ce hekta 30 kawai za a shayar, a bar sauran daji: lita miliyan biyu da dubu ɗari ke nan kowace rana, jarka mai lita 20 har 105,000. A daidai watannin da famfon unguwanni ke ɗaukewa, mata da yara suna bin masu kura. Ni ba zan iya kallon wannan lissafi in yi shiru ba.

Za a ce ai ga Binuwai. To, kogin da rani rairayi ya fi ruwa yawa a cikinsa, kuma abin da ke gudana ya dogara da abin da aka saki daga madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 domin lantarki da noma. Da damina kuma matsalar ta juya. Wanda ya ga ambaliyar 2012 ya san inda ruwa ya kai. Fadamarku tana ba da albasa ne saboda kogi yana hawa ya bar mata laka, kuma wannan lakar ce za ta kashe ciyawar da aka kashe miliyoyin sefa wajen shukawa. Duk injiniyan da ya san aikinsa, in ya taka wurin a watan Satumba, zai nemi tudu.

Kada ka ɗauka ina ƙin wasan. Ina ƙaunarsa tun ina yaro, kuma zan yi murna in Garwa ta samu fili, yadda muka yi murna da gyaran filin ƙwallon ƙafa na Roumdé Adjia lokacin gasar cin kofin Afirka da aka buga a farkon 2022. Amma a yi shi a kan tudu mai tsakuwa da ba a nomawa, a yi ramuka tara, a yi shi da rairayi maimakon ciyawa a kewayen ramukan. Fadama ta mai albasa ce.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar Ngaundere. Mun yi gardama da abokaina a kan filayen golf mafi kyau a wannan yanki namu, Kamaru da maƙwabta. Kowa ya buɗe intanet yana nuna hoto. An ce mana ka taɓa aiki a filin Yawunde. Ka jera mana su daga na ɗaya.
— Ƙaninka daga Dang

Amsa: Barka kadai ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiya ne, a unguwar Briqueterie na tashi, kuma kafin in shiga makarantar aikin gona na ɗauki jakar 'yan wasa a filin Yawunde. Zan jera maka, amma da ma'aunina: fili mai kyau shi ne wanda ya dace da ƙasar da aka shimfiɗa shi a kai, wanda in ka gama rami na 18 kana iya tuna kowane rami da kamanninsa. Hoto ba ya nuna wannan.

Na ɗaya a wurina filin Yawunde ne, wanda ke kwance a gindin dutsen Fébé. Ramuka 18, kuma da wuya ka sami wuri shimfiɗaɗɗe da za ka tsaya. Ko ƙwallo tana sama da ƙafarka, ko tana ƙasa da ita. Ruwan sama ne ke shayar da shi mafi yawan shekara, don haka korensa ba na dole ba ne. Abin da ba na mantawa shi ne karatun gangara. Kafin ɗan wasa ya yi bugun ƙarshe, mai ɗaukar jaka yakan tsuguna bayan ƙwallo, ya runtse ido ɗaya, ya dubi yadda ciyawa ta kwanta. In tana sheƙi, ta kwanta ne ta bi gaba, ƙwallo za ta yi gudu. In ta yi duhu, tana fuskantarka, sai an ƙara ƙarfi. Sai ya nuna wani wuri da yatsa, taku ɗaya hagu da ramin, ya ce "nan za ka nufa, Alhaji." Alhaji ya buga, ƙwallo ta tafi kamar ta ɓace hanya, sannan ta lanƙwaso a hankali ta faɗa. Filin da ke tilasta wa babban mutum sauraron yaro ɗan shekara goma sha biyar, ai ya isa fili.

Na biyu zan tsallaka Najeriya, amma ba Abuja ba. Rayfield na Jos nake nufi, wanda Turawan haƙar kuza suka kafa a 1913. A nan ne aka daɗe ana wasa a kan abin da 'yan wasa ke kira buraun: maimakon ciyawa mai laushi a kewayen rami, rairayi ne da aka tankaɗe aka cakuɗa da mai don kada iska ta kwashe shi. Bayan kowane bugu sai yaro ya ja wani ƙarfe ko buhu ya share hanya daga ƙwallo zuwa rami, sumul. A Kano ma a kan irin wannan aka daɗe ana wasa. Da rani ciyawar tsakiyar fili takan bushe ta yi ja, ƙwallo ta yi ta gudu a kan busasshiyar ƙasa, dole ka koyi bugu ƙasa-ƙasa saboda iskar hunturu. Masu kallon hoto sukan raina irin wannan fili. Ni kuwa ina ganin shi ne golf ɗin ƙasarmu, kuma wanda ya iya shi ba ya jin tsoron kowane fili. Aibinsa ɗaya baƙin man injin da aka saba zubawa, wanda bai kamata ya kusanci rijiya ko kogi ba.

Na uku Likomba, a Tiko, filin da ke cikin gonakin CDC, kamfanin noma na gwamnatin Kamaru, kusa da dutsen Kamaru. Shimfiɗaɗɗe ne, manyan itatuwa sun yi masa layi, zafi da gumi kuwa sai wanda ya je. Rikicin da ya addabi yankin tun 2016 ya rage masa baƙi, abin baƙin ciki ne.

Na san abokanka za su ce ina na baro filin IBB na Abuja. Ban manta da shi ba. In tsafta da tafkuna da gadoji da kula ake aunawa, ya wuce duk waɗanda na ambata, kuma wanda ya sa shi na ɗaya bai yi ƙarya ba. Na sa shi na huɗu ne saboda kyansa na kuɗi da injin ban-ruwa ne, ana iya ɗaukar irinsa a ajiye a kowane babban birni.

Tunda daga Ngaundere ka rubuto, bari in ƙara da wannan. In da za a tambaye ni inda ya dace a yi cikakken fili mai ciyawa a arewacin Kamaru, garinku zan nuna. Tudun Adamawa ya haura mita 1,000, kusan kamar Jos. Damina tana kai wata bakwai, ruwan shekara yana kusan milimita 1,500, alhali Garwa tana wajen 1,000, Marwa ma ba ta kai haka ba. Ga tuddai masu hawa da sauka, ga duwatsu, ga jirgin ƙasa da ke kwana ɗaya daga Yawunde ya kawo 'yan wasa. Sai dai a can ma ƙasar da ido ke gani kamar babu mai ita makiyaya ce, kuma burtalin shanu ya riga kowane wasa zuwa. Sai an zauna da Fulani da lamido tukuna.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara 16 yana wurin ƙanena a Yawunde, ya ce yana so ya riƙa zuwa ɗaukar jaka a filin golf ranar Asabar da Lahadi. Ina tsoron kada ya lalace ko ya bar karatu. In bar shi?
— Mahaifiya daga Marwa

Amsa: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ki bar shi, amma da sharaɗi. Aikin halal ne kuma ba na rago ba: jaka mai sanduna har 14 a kafaɗa, tafiyar da ta haura kilomita shida, awa huɗu ko fiye a tsaye. Zai koyi yin shiru lokacin da wani ke bugu, zai koyi riƙon amana domin agogo da waya da kuɗin mutane suna cikin jakar, zai gyara Faransancinsa. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Kamaru da Najeriya ta wannan ƙofa suka shigo, kuma tun 2016 wasan ya koma cikin gasar Olamfik.

Inda ake samun matsala shi ne kuɗin hannu. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa da suka ɗanɗana kyautar 'yan wasa, sai zuwa ranar Asabar ya zama har da Laraba, daga nan makaranta ta tafi. Ki sa kawunsa ya raka shi ranar farko, ya ga shugaban masu ɗaukar jaka, su san juna. Kuɗin da ya samu ya riƙa kawo wa kawun nasa ana ajiye masa rabi. Ya tafi da ruwan sha da hula, ya san inda zai yi azahar da la'asar. Ƙarshen kowane zango kuma a aiko miki da takardar sakamakonsa ta WhatsApp, in maki ya sauka, ya ajiye jakar har sai ya gyara.