Amsar Baffa kan tsohuwar Photoshop da haƙƙin ubangida

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan kasuwa a Jega. Saƙonka ya iso. Ka ce manhajar gyaran hoto Photoshop 7 ɗin da maigidanka na Birnin Kebbi ya ba ka ranar da ya yaye ka tana ta rufe kanta a sabuwar kwamfutarka mai Windows 11, wata rana ma ta ƙi buɗewa sam. Kana kuma tambaya ko al'adar sana'a ta yarda yaro ya ajiye abin aikin da ubangidansa ya ɗora shi a kai ya kama wani, ko kuwa hakan butulci ne.

Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Abin da aka san masu sana'a da shi a ƙasar nan, maƙera ne ko maɗinka ko masu hoto, shi ne yaron da aka yaye ba ya sauya hanya ya bar ubangidansa ya ji a bakin mutane. Ka taka da ƙafarka, ka riƙe ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, ka gaishe shi, ka ce ga halin da ake ciki. Yanzu kai ma mai shago ne, saboda haka girmamawa ce za ta kai ka, ba neman izini ba. Firem-firem na albam da kalanda da ya zuba maka kuwa guminsa ne. Kada ka sayar, kada ka raba wa abokai sai da saninsa. Amma babu al'adar da ta ɗaure ka da faifai guda. Waɗanda suka tashi da fim da ɗakin duhu ai su ne suka koma kwamfuta da hannunsu. Abin da ke zubar da mutuncin mai hoto, har ya shafi wanda ya koya masa, shi ne a zo karɓar hotunan suna ko na ɗaurin aure ya ce na'ura ta ƙi.

To, ga gyaran. Kafin ka taɓa komai, kwashe hotunan mutane da firem-firem ɗin nan zuwa wani rumbu na waje.

Photoshop 7 ta fito ne a 2002, zamanin Windows XP. Manhaja ce mai bit 32, ba ta iya cin fiye da gigabait 2 na RAM ko da kwamfutarka na da 16, kuma an gina ta lokacin da rumbun kwamfuta ƙarami ne. Daga nan yawancin rigimar take fitowa. In tana rubuta maka cewa scratch disks, wato wurin da take ajiye aikin wucin gadi a rumbu, sun cika alhali rumbunka fanko ne, girman rumbun ne ya ruɗa ta: in sararin da ya rage ya haura terabait 1, lissafinta rikicewa yake yi ta ɗauka babu wuri. Buɗe Disk Management, ka rage C ya koma kamar gigabait 500, ragowar ka yanka shi kashi-kashi, kowanne ƙasa da terabait 1. Da ta buɗe, shiga Edit, Preferences, Plug-Ins & Scratch Disks, ka nuna mata kashin da za ta riƙa aiki a kai.

In kuwa tana fara lodi sai ta ɓace ba ta ce komai ba, fara da mafi sauƙi. Danna dama a kan tambarinta, Properties, Compatibility, ka zaɓi Windows XP Service Pack 3, ka sa alama a Run this program as an administrator, domin tsofaffin manhajoji kan so yin rubutu a foldar da sabuwar Windows ta kulle. Sannan ka buɗe ta kana danne da Ctrl da Alt da Shift tare. Za ta tambaye ka ko ta goge fayil ɗin saiti, ka amsa e. Fayil ɗin nan yakan lalace in an ɗauke wuta tana cikin aiki, kuma muddin yana nan a lalace, ko ka cire ta ka sake sakawa ciwon na iya dawowa. Ka duba kuma ko taka 7.0 ce, akwai gyaran 7.0.1, ka ɗora shi.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne lura da lokacin da take mutuwa, don shi ke nuna mai laifi. In sai ka ɗauki abin rubutu za ka sa sunan ango da amarya take rufewa, cikin salon rubutun da ka tara akwai lalatacce. Ku yaran yanzu kukan kwafo ɗaruruwa daga filas ɗin aboki ku zuba gaba ɗaya. Cire duk waɗanda ka ƙara, ka riƙa mayar da su ashirin-ashirin kana gwadawa har ka kama shi. In wajen buga fasfo take mutuwa, direban firinta ne, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da firinta: mayar da Microsoft Print to PDF ya zama firintar farko, ka gwada, in ta zauna lafiya, sauko da sabon direba daga shafin kamfanin firintar. In wajen jawo hoto daga sikana ne, ko wajen wata tsohuwar filta ta gyaran fata, shiga foldar Plug-Ins, ka sa alamar ~ a farkon sunan abin da kake zargi. Photoshop za ta tsallake shi, ba sai ka goge ba. In kana son shaida, buɗe Event Viewer, Windows Logs, Application, ka nemi kuskure mai lamba 1000; layin Faulting module name zai ba ka sunan fayil ɗin da ya kayar da ita.

Ƙwaƙwalwa ma ka kula. A Memory & Image Cache kada ka kai kason RAM da take ci kashi 100; bar shi tsakanin 50 da 70, ka rage History States, wato yawan matakan baya da take tunawa, kuma kada ka buɗe manyan hotuna talatin lokaci guda. Ba ta adana aiki da kanta, wannan sai a CS6 ta 2012 aka kawo shi, don haka Ctrl da S su zama jikinka, ka kuma nemi UPS in kwamfutar ta tebur ce. In na'urar gaba ɗaya ke mutuwa, ba Photoshop kaɗai ba, duba fanka: ƙurar hunturu kan toshe ta, zafin bazara ya ƙarasa.

Akwai abin da ba ya gyaruwa, gara ka sani tun yanzu. Ba za ta buɗe hotunan HEIC na iPhone ba, haka hotunan RAW na sababbin kyamarori. Sai ka fara mayar da su JPEG ko TIFF da wata manhaja. In kuma kwafin da ke hannunka irin wanda aka fasa ne, mai gadin Windows, wato antivirus, zai yi ta kama wasu fayilolinsa, sau da yawa kuma da gaskiyarsa. Kada ka kashe mai gadi a na'urar da ke ɗauke da hotunan mutane. Shawarata, ka sa VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar tafiyar da wata Windows a cikin taka, kyauta ce, ka girka XP a ciki ba tare da intanet ba, ka bar Photoshop 7 can don tsofaffin firem-firem, kana koyon sabuwa a gefe. GIMP, wata manhajar gyaran hoto, kyauta ce kuma tana buɗe PSD, wato fayilolin Photoshop, sai dai wasu kwalliyar leya kan sauya, don haka ka gwada firem ɗaya-ɗaya kafin lokacin bukukuwan bayan Sallah ya matso.

In abin ya kai ga mai gyara, cire hotunan amare da na matan gida tukuna, ko ka zauna a yi aikin a gabanka. Wanda ya bar ka ka shiga cikin gidansa da kyamara amana ya ba ka, kuma hoton matar aure guda in ya fita ta hannunka, babu haƙurin da zai dawo da shi. Ranar da za ka je wurin maigidan naka, tafi da kwamfutar; mai yiwuwa shi ma tasa na neman irin wannan gyara, ka yi masa kyauta. Ka rubuto mini sunan fayil ɗin da Event Viewer ta nuna. A gaida mahaifiyarka.

Baffanka, daga Argungu.