Amsa ga mai tambaya: me ke juya akalar manyan ƙasashe?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambayi me ke sa babbar ƙasa kamar Amurka ta rungumi gwamnati yau, gobe ta juya mata baya, kuma tunda Faransa da Amurka sun kwashe sojojinsu daga Nijar, ko Rasha ce aminiyarmu ta gaskiya. Na ga ƴan'uwa sun ba ka gajerun amsoshi, wasu sun ce duk makirci ne. Ni ba malamin jami'a ba ne. Na daɗe ina sana'ar fiton kaya tsakanin Maraɗi, Ɗan Isa da Jibiya, kuma mai wannan sana'a dole ya zama abokin rediyo, don abin da aka yanke a Abuja ko Washinton shi ke tsayar maka da mota a bakin iyaka.

Ka fara cire wa ranka cewa babbar ƙasa mutum ɗaya ce mai zuciya ɗaya. A Amurka akwai fadar shugaban ƙasa, akwai ma'aikatar tsaro, akwai ta harkokin waje, ga majalisa wadda ke riƙe da jakar kuɗi, ga kamfanoni, ga masu jefa ƙuri'a. Kowa na jan igiyar wajensa, abin da muke gani daga nan shi ne inda ta tsaya. Dubi abin da ya faru a gabanmu. An kifar da Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, amma sai a watan Oktoba Amurka ta furta a hukumance cewa juyin mulki ne. Ba ganewa ce ba su yi ba. Suna da doka da ta ce duk ƙasar da soja suka hamɓarar da zaɓaɓɓiyar gwamnati, dole a tsayar mata da yawancin tallafi. A gefe guda kuma, a lokacin suna da sojoji wajen 1,000 a nan, da sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas wanda ya ci musu dala miliyan 100 da ɗoriya. Masu tsaro na son sansanin ya tsira, doka na neman a yanke, sai aka yi ta jan ƙafa ana neman mafita. A Masar kuwa, da Sisi ya tuɓe Morsi a 2013, ƙin yanke wannan hukunci suka yi gaba ɗaya, kuma tallafin soja na kusan dala biliyan 1.3 a shekara bai mutu ba, saboda mashigin ruwan Suwez da yarjejeniyar zaman lafiya da Isra'ila ta 1979. Doka ɗaya ce, nauyin ƙasashen ne ya bambanta.

Akwai wani abu da ku matasa ba ku riska ba. A Janairun 2003 Shugaba Bush ya tsaya gaban majalisarsu ya ce Saddam ya nemi yuraniyom daga Afirka, kuma Nijar ake nufi. Kafin nan sun turo tsohon jakadansu Joseph Wilson Yamai a 2002, ya koma ya ce da wuya maganar ta zama gaskiya. A watan Maris na 2003 hukumar nukiliya ta duniya ta bayyana cewa takardun da aka kafa hujja da su jabu ne. Duk da haka a cikin watan aka afka wa Iraƙi. Mu da muke sauraro a lokacin, mamaki ya kama mu da muka ji sunan ƙasarmu cikin hujjar yaƙin da ba ruwanmu da shi. Sun riga sun yanke abin da za su yi, hujja ce kawai ake tattarawa.

Siyasar cikin gidansu ma tana faɗo mana a ka fiye da yadda ake zato. Dokar 2015 da ta hana safarar baƙin haure ta Agadas, wadda aka soke a Nuwamban 2023, tsoron ƴan siyasar Turai ne na faɗuwa zaɓe ya ba ta ƙarfi, da kuɗin da suka zuba a kanta. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Haka da Trump ya dawo a 2025 ya rushe USAID, hukumar Amurka mai ba da tallafi a ƙasashen waje, ba wani laifi masu aikin tamowa da allurar rigakafi na karkararmu suka yi ba, alkawari ne ya cika wa magoya bayansa.

To, Rasha fa? Sojojinta masu ba da horo sun sauka Yamai a Afrilun 2024, wata ɗaya bayan an soke yarjejeniyar soja da Amurka. Ba na musun cewa muna buƙatar makamai, kuma ba na kukan tafiyar Faransa, wadda ta haƙi yuraniyom a Arlit shekara sama da 50 alhali ƙauyukanmu na kwana a duhu. Amma Rasha na yaƙi a Yukiren tun Fabrairun 2022, an ƙaƙaba mata takunkumi, tana neman kasuwar makamai, ma'adinai, da masu ɗaga mata hannu a Majalisar Ɗinkin Duniya. Kada ka manta, a 2011 da aka kawo ƙuduri mai lamba 1973 wanda ya buɗe ƙofar ruwan bama-bamai a Libiya, Rasha da Sin suna da ikon hawa kujerar na-ƙi, sai suka ƙaurace kawai. Makaman da suka watsu bayan faɗuwar Gaddafi, mu ƴan Sahel muka sha ɗacinsu. Sin kuma ba ta cika surutu ba: ta haƙo man Agadem, ta gina matatar Soraz a Damagaram a 2011, ta shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Benin. Ko da aka sami saɓani da hukumominmu a 2025, ba ta tattara kayanta ba, don dukiyarta na binne a nan. Saboda haka in an ce maka an sa hannu da wata ƙasa, bar maganar aminci, tambayi shekara nawa ne, kaso nawa ne namu, wa zai biya, kuma in an ɓata wace kotu za ta yi shari'a.

Sai dai a ganina, mu mutanen Maraɗi babbar ƙasarmu ta kusa ita ce Najeriya. Da Buhari ya rufe iyaka daga Agustan 2019 har Disamban 2020, na ga manyan motoci jere a hanyar Ɗan Isa, direbobi sun shimfiɗa tabarma ƙarƙashinsu suna dafa shayi, yaran mota na sayar da man tanki su ci abinci. Manoman shinkafar Najeriya yake son karewa, mu ne muka biya. A Agustan 2023 kuma, da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya zo aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Katsina, masu walda, teloli da masu sayar da ƙanƙara suka koma zaman jiran janareto, kaya suka koma bin hanyoyin daji a kan babura. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage. Ba ƙaramar rawa sarakuna, malamai da ƴan majalisar dattawan Arewacin Najeriya suka taka ba wajen hana Tinubu aiko da soja, don sun san dangi ɗaya ne daga Katsina har nan. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ma lissafi ne: suna son kayanmu su bi tashar Legas maimakon Kwatano. In ya kammala mu ma za mu ci riba, shi ya sa nake bin labarinsa da canjin naira a kasuwa fiye da jawaban da ake yi a New York.