Kwamfutata ce, amma ta ce ba ni da izini

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Sakkwato, ina koyon Python. Na rubuta ɗan shiri da zai adana sakamakon yaran Islamiyyarmu ta Mabera a fayil mai suna "sakamako". Kwamfutata mai Windows ta ce "Permission denied". Na sake buɗewa a matsayin Administrator, shiru kake ji. Na kwashe aikin gaba ɗaya a filashi na kai wa abokina mai Ubuntu, tasa ta ce "Is a directory". Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ta abokinka ce ta faɗi gaskiya, domin "directory" folda ke nan. Leƙa inda shirin yake, za ka tarar da folda mai suna "sakamako", wataƙila kai ka buɗe ta tuntuni ka manta.

Mu da ke kallon allo mun ɗauki folda kamar jaka. A wurin kwamfuta kuwa rajista ce: suna a gefe, a gabansa alamar inda abin yake a faifai. Kuma rajistar guda ce, fayil da folda duk a nan ake rubuta su, suna ɗaya ba ya shiga sau biyu.

To da ka sa harafin "w" (alamar rubutu a Python) wajen buɗe fayil, abu biyu ka roƙa: in babu sunan a ƙirƙira, in akwai a share abin da ke ciki a fara rubutu daga farko. Kwamfuta ta duba, ta ga akwai, amma folda ce. Da za ta biye maka, rajistar duk abin da ke cikin foldar za ta shafe, fayilolin su zama ba mai sanin inda suke. Shi ya sa ta ƙi, kuma ko kai ne mai cikakken iko ba za ta yarda ba.

Bambancin a bakin magana yake. Linux, wadda Ubuntu ɗin abokinka nau'inta ce, na da lambar kuskure ta musamman don wannan, 21. Windows kuwa sai ta mayar da lamba 5, wadda take bayarwa in an hana mutum shiga, Python ya fassara ta da rashin izini. A ganina wannan saƙon ya ɓata wa masu koyo lokaci ba kaɗan ba, mutum ya wuni yana neman makulli alhali ƙofar ba a kulle take ba.

Kada ka ɗauka kowane umarni zai yi ƙorafi. A Linux, touch (umarnin da kan ƙirƙiri fayil in babu shi) a kan folda lokacinta kawai zai sabunta ya yi shiru, cp (umarnin kwafar fayil) kuma ya jefa fayil ɗin cikinta. Sannan Windows ba ta bambanta "Sakamako" da "sakamako", don haka sauya babban harafi ba zai fisshe ka ba, ko da ya yi aiki a wurin abokinka.

Gyaran ba wuya. Ka sa masa suna "sakamako.csv", ko ka bar foldar ka rubuta a cikinta, misali "sakamako/zango1.csv". Na fi son na biyun, tunda kowane zango zai samu nasa. In kuma ka fi son goge foldar, fara buɗe ta tukuna, kada a je sakamakon bara ne a ciki.